Maɓallan Auta da Jan Biron Kawu

Akwai halin da ya fi rashin sani muni, shi ne mutum ya ji rabin magana ya ce ya gane sauran. Wanda bai sani ba, in aka koya masa zai koya. Amma wanda ya daɗe ana ce masa malam har kunnensa ya toshe, shi kam ba ya farga sai abin ya faɗo masa a ka. Wannan halin ne ya ci Kawu, tsohon hedimasta, kuma ga yadda aka yi.

Ƙanwarsa tana da shagon wanki da guga a ƙasan wani bene, ita da mijinta direban bas suna zaune a sama, ɗaki biyu da falo. Duk unguwa Mai Guga ake ce mata. Mace ce mai son aikinta. Tun da safe za ka ji injin wanki yana gurnani, tururi yana fitowa ta ƙofa, ita kuma tana jera riguna a hanga tana 'yar waƙarta. 'Ya'yanta manya biyu sun bar gida, saura Auta, yarinya 'yar shekara tara, mai kaifin kai da son dariya.

Tun tana shekara shida jikin Auta ya fara wani abu da ba ita ta sa shi ba. Ido ya ƙifta sau uku a jere, kafaɗar dama ta ɗaga, sai wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaro, "hik", kamar mai shaƙuwa. Wannan bai hana Mai Guga barci ba, gida ya saba. Abin da ya dame ta shi ne fushin. Yarinya tana zaune lafiya, a ce mata ta rufe littafi ko ta daina wannan hik ɗin, sai ta tashi kamar tukunyar da ta tafasa ta ture murfi. Ihu, jifa, dukan bango. Minti goma, komai ya lafa, ta zube a ƙasa tana kuka tana cewa, "Mama, ba ni ba ce, wallahi ba ni ba ce."

Ranar da wani yaro ya kwaikwayi kafaɗarta a aji ta kife masa tebur a ƙafa, shugabar makaranta ta kira Mai Guga. Ba ta yi faɗa ba, amma ba ta tauna maganarta ba.

"Maman Auta, ina son yarinyar nan, ita ce ta uku a lissafi. Amma yara talatin nake tsaro a ajin, ba ɗaya ba. Na ba ku zuwa ƙarshen zangon nan. In aka sake, sai ku nema mata wani wurin."

Wani wurin kuwa babu shi kusa. Makarantar nan ce Auta ke zuwa da ƙafa, a nan ƙawayenta biyu suke, waɗanda ba su ma jin hik ɗin saboda sabo. Mai Guga ta dawo shago ta ƙona wuyan rigar mutane a ranar, abin da ba ta yi ba cikin shekara goma.

Likitan yara ne ya tura su wani ɗaki a ƙarshen barandar asibiti, wurin wata ma'aikaciya wadda aikinta ba allura ba ne, ba ƙwaya ba, koya wa yara da iyayensu yadda ake riƙe rai ne. Auta ta sa mata suna Anti Mai Tabarau. Ɗakin nata darduma ce da kujeru uku da akwatin fensir masu launi. Ta saurari Mai Guga har ta gama, sannan ta ce:

"Abu biyu ne a nan, kada ku haɗa su. Ƙiftawar ido da sautin nan kamar atishawa ne. Kin taɓa hana kanki atishawa?"

"Na taɓa, a gaban baƙi. Kaina kamar zai fashe."

"To ita haka take wuni a aji, tana dannewa don kada a yi mata dariya. Ta dawo gida tulunta cike, wani ya ce mata daina, sai ya zube. Wannan na farkon ku bar shi, ko kallo kada ku yi. Fushin ne za mu yi wa aiki, shi ana koyonsa kamar yadda ake koyon guga."

Ta ba su aiki huɗu. Mai Guga ta riƙa rubuta abin da ya faru kafin kowane tashin hankali. Kada a ƙwace wa yarinya abin da take yi farat ɗaya, a ce mata saura minti biyar. Auta kuma ta koyi gane fushin tun yana ƙarami. Ita da bakinta ta ce yana fara mata ne da zafi a bayan kunne. In ta ji shi ta ce "zafi", ta tafi lungun da ke tsakanin kabad da bango inda aka ajiye mata matashi, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta fitar a hankali kamar mai hura shayi. Ba mai bin ta, ba mai yi mata magana. A makaranta kuwa ta ɗaga ɗan kati mai ruwan ɗorawa, malamar aji ta bar ta ta fita bencin bakin ƙofa.

Na huɗun shi ne lada. Duk sa'ar da Auta ta kama zafin kafin ya kama ta, a ba ta wani abu ta tara.

"Maɓallai!" in ji Mai Guga. "Ina da su cike da aljihun tebur, waɗanda injin ke tsinkewa masu kaya ba su dawo nema ba."

Anti Mai Tabarau ta yi dariya, sannan ta ɗaga yatsa. "Amma ki ji wannan da kyau. Abin da ya shiga gwangwani ba ya fita. Ko ta rushe gidan washegari, na jiya nata ne, ta yi masa aiki."

Aka samo gwangwanin madara, Direba ya huda murfin da wuƙa, aka manne shi da salatif. Aka yi alkawari in maɓallai sun kai arba'in a littafin Mama, za a buɗe a gaban kowa, Auta ta zauna a kujerar gaba ta bas ɗin babanta har ƙarshen hanya, inda tafki yake da agwagi.

Mako uku na farko gidan ya yi daɗi. Ba wai fushin ya ɓace ba, sau biyu ya kufce mata. Amma Mai Guga ta gane daga rubutunta cewa yawanci tsakanin dawowa makaranta da cin abinci abin ke tasowa, sai ta riƙa ajiye burodi da ayaba a kan tebur. Direba, wanda a da in ya ji hik yake cewa "Alhamdu lillahi, an ƙoshi," ya koyi riƙe bakinsa, ko da yake ya ce ya fi masa wuya da riƙe sitiyari a kan gangara. Kullum da yamma Auta ta sauko shago da gudu.

"Mama, yau biyu! Ɗaya a aji, ɗaya da igiyar takalmina ta ƙi kwancewa."

"Zaɓi da kanki, ranki ya daɗe."

Sai ta tsaya tana tona aljihun tebur, ta ɗauki ja ko mai sheƙi, ta haura ta jefa, ta girgiza gwangwanin a kunnenta. Mai Guga tana jin kacau-kacau ɗin daga ƙasa ranta ya yi fari.

To, Kawu. Shi ne yayan Mai Guga, shekara talatin da biyar yana koyarwa, goma sha biyu a ciki yana hedimasta. Da ya yi ritaya yana zaune wurin ɗansa a layi na gaba, gidan da kowa ke fita aiki a bar shi da bango. Saboda haka da ƙanwarsa ta ba shi makullin sama, ta roƙe shi ya riƙa zama da Auta daga ƙarfe biyu zuwa shida yana duba mata aikin gida, ba ƙaramin daɗi ya ji ba. Kujera mai laushi a bakin taga ta zama tasa, shayi a filas, ga ɗaliba guda a gabansa. Yana son yarinyar, wannan ba a musu. Ita ma in ta ji sandarsa a matakala da gudu take buɗe ƙofa.

Anti Mai Tabarau ta ce duk wanda ke zama da yarinyar ya zo ko sau ɗaya ne. Mai Guga ta gaya masa.

"In je ina? Wannan yarinyar da ba ta kai sa'ar ɗalibaina na ƙarshe ba ita za ta koya mini yara? Ke dai faɗa mini a taƙaice."

Ta fara yi masa bayanin gwangwani. Ba ta kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Maki ne ai. Na gane. Tun ba a haife ki ba nake ba da maki."

"Yaya, tsaya ka ji sauran."

"Sauran me? Je ki, wanki na jiran ki."

Da ma tun tana yarinya ba ta iya ja da shi, sai ta sauka. Wannan kuskurenta ne, kuma daga baya ita da kanta ta amsa shi.

Shi kuwa a saninsa, maki abu ne da ake bayarwa ake kuma ragewa. A ganinsa an yi rabin tsari an bar rabi, yarinya tana ƙifta ido tana hik a gaban manya ba mai ce mata uffan. Ya sayo ɗan littafi nasa, ya ja layi da rula, ya zaro jan biro. Duk hik biyar, maɓalli ɗaya ya fita. Ya ɗaye salatif a hankali, ya cire, ya zuba a aljihun kwat ɗinsa, ya mayar da salatif yadda yake. Ya kuma ce wa Auta ɗalibin kirki ba ya kai ƙarar malaminsa, ranar buɗewa za a ga sakamako na gaskiya.

Daga mako na huɗu Mai Guga ta ga abubuwa sun canza. Auta na saukowa ta karɓi maɓalli, amma ba ta zaɓe, duk wanda hannunta ya taɓa shi ke nan. Kacau-kacau ya daina. Ƙiftawar ta ƙaru har idonta ya yi ja. Wata Laraba ana cikin guga sai ga ihu daga sama, da ƙarar abin da ya fashe. Ta haura ta tarar da filas a tarwatse, tabaran Kawu a ƙasa ido ɗaya ya fita, Auta a ƙarƙashin tebur.

"Kin gani?" in ji Kawu yana lalube. "Wannan shi ne aikin asibitin naku. Sangarta."

Mai Guga ta tambayi yarinya me ya faru, Auta ta ƙi faɗa. Ta duba littafinta ba ta ga dalili ba. Ta gaya wa Anti Mai Tabarau ranar Talata, ita ma ta ce akwai abin da ba su gani ba, a ci gaba da lura, kuma ta sake cewa a kawo kawun. Saura mako uku zango ya ƙare, malamar aji ta aiko cewa jiya da ƙyar yarinyar ta kai benci, ta yi jifa da katin ma kafin ta fita. Mai Guga ta sha jinin jikinta.

Duk da haka littafin ya kai arba'in ranar wata Juma'a, domin yarinyar ba ta daina ƙoƙari ba ko da ta san inda maɓallan ke zuwa. Asabar da safe Direba ya sa rigar aikinsa da matarsa ta goge har tana ɗaukar ido, Kawu ya zo da tsohon tabarau da ya ɗaure da zare, aka zauna a tebur.

"Mai gwangwani ta matso kusa," in ji Direba. "Fasinjan kujerar gaba, a shirya tikiti."

Ya yanke salatif ya kife gwangwanin. Maɓallai bakwai suka gangaro. Ya leƙa ciki, ya bubbuga gindin.

"Ikon Allah. Ɓera ya fara sa riga ne a gidan nan?"

Kawu ya gyara zama, ya zaro littafinsa ya buɗe a tsakiyar tebur, shafi bayan shafi jan biro ne.

"Ba ɓera ba ne. Ga lissafi. Ta samu arba'in, an rage talatin da uku saboda wannan ɗabi'ar da kuka ƙi hana ta. Bakwai cikin arba'in. A makarantata wannan faɗuwa ce, sai a sake zama."

Mai Guga ba ta dubi littafin ba, 'yarta ta duba. Kunnuwan Auta sun yi ja. Kafaɗa tana ɗagawa ba tsayawa, hannunta ya riga ya kama kofin shayi. Direba ya janye ƙafarsa. Kowa ya san abin da ke biyo baya.

Yarinyar ta buɗe baki.

"Zafi."

Ta saki kofin, ta miƙe ta nufi lungun kabad. Kawu ya miƙa sandarsa ya tare hanya.

"Ina za ki? Ba a tashi babba yana magana."

Mai Guga ta kama sandar da hannun da ya saba ɗaga dutsen guga tun safe har yamma, ta ɗaga ta sama. Auta ta wuce ta ƙarƙashi. Suka zauna su uku, ana jin numfashinta daga lungu, ja, fitarwa, ja, fitarwa, da kuka a tsakani. Kawu ya yunƙura zai yi magana, Direba ya ɗora yatsa a leɓe. Shekara ashirin yana surukinsa bai taɓa yi masa haka ba.

Da numfashin ya daidaita, Mai Guga ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kai ka goye ni, kai ka kai ni makaranta ranar farko, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma maɓallan nan na fushin da ta haɗiye ne, ba na ƙiftawa ba. Ƙiftawar ba ta da iko a kanta. Ka yi mako uku kana cin ta tarar atishawa. Suna ina?"

"Ai da kin faɗa mini haka."

"Na fara, ka ce in je wanki na jira. Laifina ne da na tafi. Suna ina?"

Ya sa hannu a aljihun kwat. Da ma nauyinsu ya ja aljihun har ya karkace. Ya zube su a tebur.

"Malam, a ƙirga mana da babbar murya," in ji Direba. "Ni lissafina iyakarsa kujerun bas."

Haka tsohon hedimasta ya zauna yana tura maɓallai ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana ƙirgawa, har talatin da uku. Kafin ya gama Auta ta fito, fuska jiƙe, ta tsaya a bayan uwarta. Mai Guga ta sauka shago ta dawo da wani babban maɓallin kwat mai ruwan zinariya.

"Wannan na yanzu ne. Shi ya fi duka wuya."

Auta ta juya shi a tafin hannunta. "Mama, arba'in da ɗaya ke nan. Ɗayan fa?"

"Na agwagwa ne," in ji Direba. "Tashi mu tafi, fasinjoji za su ce na mutu."

Suka tafi su uku, Mai Guga ta rufe shago rabin yini. Auta ta zauna a gaba tana hik tana nuna wa babanta hanyar da ya fi shekara goma yana bi.

Daga ranar Litinin yarinyar shago take wucewa in an tashi. An ajiye mata matashi a bayan labulen kayan da aka goge, ta koyi ninke rigar filo har ta fi uwarta daidaita kusurwa. Cikin kwana goma da suka rage, yaron nan ya sake kwaikwayon kafaɗarta. Ta ɗaga kati, ta fita, ta zauna a benci ta hura shayinta da babu shi, ta dawo. Shugabar makaranta ta gani ta taga. Ranar rufe zango ta miƙa wa Mai Guga takardar sakamako da jerin littattafan aji na gaba, ta ce a zo da wuri ranar dawowa, kujerun gaba suna saurin cika.

Shi kuwa Kawu, ƙanwarsa ba ta kore shi ba. Ta karɓi makulli dai, ta ce Anti Mai Tabarau tana zama da iyaye da kakanni duk ranar Alhamis, in ya je sau uku ya saurara har ƙarshe, makulli nasa ne. Ya ce shi ba zai zauna a benci ɗaya da iyayen da a da suke layi a ƙofar ofishinsa ba. Aka ce to. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bai je ba.

Ga abin da jin rabin magana ya ci masa. Tabarau ɗaya, mai ido biyu, wanda aka yanka masa daidai ganinsa. Filas ɗaya. Makullin sama. Kujera mai laushi a bakin taga, wadda yanzu kwandon wanki ke zaune a kai. Awa huɗu kowace rana, kwana biyar a mako, da ya koma yi shi da bango a gidan ɗansa. Ɗalibarsa ta ƙarshe a duniya. Da gudun nan da ake yi a buɗe masa ƙofa: in ya zo ziyara ranar Asabar, Auta tana gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa da hannu biyu, sannan ta ɗauki gwangwaninta ta shige da shi ɗaki.